Ƙalubalen Haɗa Ayyukan Lafiya da na Jin Daɗin Jama'a Wajen Kula da Masu Cutar Mantuwa a Ƙananan Hukumomin Boɗinga da Shagari, Jihar Sakkwato

Tsakure

Cutar mantuwa, wadda jama'a suka fi sani da gigin tsufa, lalura ce mai cin shekaru, kuma buƙatun mai fama da ita sun wuce abin da asibiti kaɗai zai biya. Wannan maƙala ta nazarci yadda aka rarraba alhakin kula da irin waɗannan dattawa tsakanin hukumomin lafiya da na jin daɗin jama'a, tare da ɗaukar ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari a matsayin farfajiya. An bi hanyar nazarin dokoki da manufofin gwamnati da sakamakon binciken masana, aka ɗora su a kan ra'in Leutz (1999) na matakan haɗa ayyuka. Binciken ya gano cewa hukumomin da ke da hannu a lamarin suna da yawa, amma kowace tana riƙe da ɓangare guda ne, babu wadda aka ɗora wa nauyin bin maras lafiya daga farkon ciwo zuwa ƙarshensa. Aikin haɗawar ya faɗa a wuyan iyali, musamman mata, ba tare da horo ko tallafi ba. Maƙalar ta ba da shawarar mayar da cibiyar lafiya ta mazaɓa cibiyar haɗuwar ayyuka, a naɗa jami'i guda mai bibiya, a samar da kati guda da duk hukumomi za su amince da shi.

Fitilun Kalmomi: cutar mantuwa, gigin tsufa, dattawa, kiwon lafiya a matakin farko, jin daɗin jama'a, zakka da wakafi

1.0 Gabatarwa

Cutar mantuwa suna ne da ya tattaro cututtuka da dama masu lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mutum ya kasa tuna abin da ya faru yanzu-yanzu, ya kasa lissafi, ya ɓata a hanyar da ya saba bi, daga bisani ya kasa ciyar da kansa ko tsaftace jikinsa. Nau'in da ya fi yawa shi ne cutar Alzheimer, wadda ta ɗauki sunan likitan Jamus Alois Alzheimer da ya bayyana ta a 1906, kuma ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu lalurar. Nau'i na biyu yana tasowa ne daga lalacewar hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, galibi sakamakon hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da cutar a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari suna zaune a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kuma ana samun sababbin kamuwa kusan miliyan 10 a kowace shekara. A 2019 an ƙiyasta cewa cutar ta ci wa duniya dala tiriliyan 1.3, kusan rabin wannan kuɗi kuwa ƙimar wahalar da iyalai ke yi ne a gida ba tare da an biya su ba.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne mashigar maƙalar. Ciwon da rabin nauyinsa ke cikin gida ba za a magance shi da ginin asibiti kawai ba. Dattijon da ya ruɗe yana buƙatar likita, yana buƙatar abinci da mai ba shi a baki, da mai tsaron kada ya fita ya ɓata, da mai kare masa gonarsa da fanshonsa. Manufar maƙalar ita ce gano wanda doka da tsari suka ɗora wa kowane ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu a Boɗinga da Shagari, da inda igiyar ke tsinkewa a tsakaninsu.

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan da Suka Gabata

Nijeriya na cikin ƙasashen Afirka da aka fara binciken wannan cuta a cikinsu da wuri. Binciken haɗin gwiwa na Ibadan da Indiyanafolis, wanda Hendrie da Osuntokun da Ogunniyi da abokan aikinsu suka wallafa a 1995, ya sami cutar a jikin kashi 2.29 cikin ɗari na Yarabawan Ibadan masu shekara 65 zuwa sama, alhali a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka mazauna Indiyanafolis adadin ya kai kashi 8.24. A Jos, Ochayi da Thacher (2006) sun sami kashi 6.4. A ƙasar Hausa, Yusuf da Baiyewu da Sheikh da Shehu (2011) sun gudanar da bincike a Zariya, suka sami kashi 2.79. Adeloye da abokan aikinsa (2019) sun tattara sakamakon bincike-binciken da aka yi a ƙasar, suka fitar da matsakaicin kashi 4.9, tare da ƙiyasin cewa yawan masu cutar daga shekara 60 zuwa sama ya tashi daga 63,512 a 1995 zuwa 318,011 a 2015. Dangane da Afirka kudu da Sahara baki ɗaya, rahoton Ƙungiyar Alzheimer ta Ƙasa da Ƙasa na 2017 ya yi hasashen tashin adadin daga miliyan 2.13 a 2015 zuwa miliyan 7.62 a 2050.

Hukumar masana ta mujallar Lancet kuma ta karkata ga musabbabai. Rahotonta na 2024 ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, waɗanda ke da alhakin kusan kashi 45 cikin ɗari na kamuwa, daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, kurumta, raunin gani, shan taba, shaƙar gurɓatacciyar iska, buguwa a ka, ciwon damuwa, kaɗaici da ƙarancin karatu tun ƙuruciya.

Waɗannan ayyuka sun amsa tambayoyin yawa da dalili. Tambayar da wannan maƙala ta ɗauka ita ce ta tsari: bayan an kamu, hannun wa maras lafiya ke faɗawa?

3.0 Farfajiyar Bincike

Boɗinga da Shagari suna cikin mazaɓar Sanatan Sakkwato ta Kudu, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. Yanki ne mai tarihi: a Sifawa ta ƙasar Boɗinga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga; Shagari ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Hausawa da Fulani ne mafi yawan mazauna, sana'o'insu noma da kiwo da fatauci, kuma matasa da yawa kan tafi cirani bayan kaka.

Ƙidayar 2006 ta ba Boɗinga mutum 175,406, Shagari kuma 156,413, jimla 331,819. In aka ɗauka kusan kashi 5 cikin ɗari ne suka kai shekara 60, kamar yadda yake a ƙasar baki ɗaya, za a sami dattawa kimanin 16,600. In aka ɗora ƙiyasin Adeloye na kashi 4.9 a kan wannan adadi, lissafin zai ba da kusan mutum 800. Wannan lissafi ne na nuni, a kan ƙidayar da jama'a suka daɗe da zarce ta, amma ya isa ya nuna cewa maganar ɗaruruwan gidaje ake yi. Ga kuma talauci: rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 a kan talauci mai fuskoki da yawa ya sanya Jihar Sakkwato a kan gaba da kimanin kashi 91 cikin ɗari, alhali matsakaicin ƙasa kashi 63 ne.

4.0 Dabaru da Ra'in Bincike

An yi amfani da dabarar nazarin takardu. An duba Kundin Tsarin Mulki na 1999, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, Dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta 2017, Dokar Hana Nuna Wariya ga Masu Nakasa ta 2018, Manufar Ƙasa a Kan Tsufa da aka amince da ita a 2021, Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021 da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, da Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022. Daga nan aka jera buƙatun maras lafiya a matakan ciwon, aka nemi hukumar da kowace buƙata ta faɗa a ƙarƙashinta.

Ra'in da aka ɗora nazarin a kai shi ne na Walter Leutz (1999), wanda ya kasa haɗa ayyukan lafiya da na jin daɗin jama'a zuwa hawa uku. Hawa na farko shi ne sadarwa, inda kowace hukuma ta san ɗaya kuma take tura mata mutum. Na biyu shi ne daidaitawa, inda ake naɗa mai bibiya, ake kuma musayar bayani bisa ƙa'ida. Na uku shi ne cikakkiyar haɗewa, inda kuɗi da ma'aikata ke zama ƙarƙashin shugabanci ɗaya. Leutz ya yi nuni da cewa mai ciwo mai tsanani kuma mai daɗewa yana buƙatar hawa na sama, kuma haɗa ayyuka yana cin kuɗi kafin ya soma kawo riba.

5.0 Yadda Aka Rarraba Alhaki

A ɓangaren lafiya akwai hawa uku, kowane da ubangidansa. Cibiyoyin matakin farko na mazaɓu suna ƙarƙashin Hukumar Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Sakkwato tare da ƙananan hukumomi. Manyan asibitocin da ke hedikwatocin ƙananan hukumomi da Asibitin Ƙwararru na Sakkwato na gwamnatin jiha ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kuwa na gwamnatin tarayya ne. Inshorar lafiya ta jiha tana hannun hukumar SOCHEMA.

A ɓangaren jin daɗin jama'a, Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta soma aiki a 2021, tana ƙarƙashin ma'aikatar jin ƙai ta tarayya da aka kafa a 2019, ba ma'aikatar lafiya ba. A jiha akwai ma'aikatun jin daɗin jama'a da harkokin mata, a ƙananan hukumomi kuma akwai sassan jin daɗin jama'a. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi samar da gidajen kula da marasa galihu da raunana. Sashe na 16 ya ambaci kula da tsofaffi a cikin manufofin ƙasa, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati ƙara a kan rashin aiwatar da shi.

Akwai kuma ɓangare na uku da tsare-tsaren Abuja ba su cika lissafawa da shi ba, alhali shi ya fi kusa da talaka: Hukumar Zakka da Wakafi ta Jihar Sakkwato mai taimakon mabuƙata da abinci da kuɗin magani, uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni, limamai da malaman ruƙiyya, masu maganin gargajiya, masu kemis, da kotunan shari'a masu hukunci a kan dukiya da walicci.

6.0 Ƙalubalen da Aka Gano

6.1 Jinkirin gane ciwon

In tsoho ya soma maimaita tambaya ko ya manta ya ci abinci, abin da ake cewa shi ne "tsufa ne ya kama shi" ko "ya soma ruɗewa". Akwai tausayi a cikin wannan fahimta, domin tana sa a yi masa uzuri. Alƙur'ani mai girma ma, a aya ta 70 ta Suratun Nahli da aya ta 5 ta Suratul Hajji, ya ambaci matakin tsufan da sanin mutum ke gushewa a cikinsa. Illar ita ce abin da aka ɗauka tsufa ne ba a kai shi asibiti. Ga shi kuwa akwai lalurori masu kama da cutar mantuwa waɗanda ake warkewa daga gare su: ciwon damuwa, ƙarancin bitamin B12, raunin aikin halittar tayirod, taruwar jini a cikin kai bayan faɗuwa, da ruɗewar farat ɗaya da zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki ke haddasawa. Na ƙarshen nan abin lura ne a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40. In ciwon ya kai ga faɗa da zage-zage da yawon dare, fassarar kan koma ga iskoki ko sammu, tsohuwar da ba ta da gata ma har a jefe ta da maita. A kowane hali, ƙofar farko da iyali ke bugawa ba ta da wata hanyar sadarwa da asibiti.

6.2 Turawa mai tafiya ɗaya

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga jama'a sama da miliyan 200, kuma waɗanda ke Jihar Sakkwato suna birnin ne da Kware. Mutumin Kajiji ko Dandin Mahe a ƙasar Shagari da aka tura Kware sai ya fito babbar hanya, ya wuce Boɗinga, ya ratsa birnin Sakkwato, sannan ya miƙi hanyar arewa. Dattijon da ya ruɗe ba ya tafiya shi kaɗai, sau da yawa sai da mutum biyu, ke nan kuɗin mota ya ninka, aikin gona na yini ya tafi. Ga kuma nauyin da sunan asibitin taɓin hankali ke da shi a zukatan mutane; ɗa mai kunya yakan ga kai mahaifinsa can tamkar tona asirin gida ne. Ko an je an ga likita, da yake asibitin na tarayya ne, cibiyar mazaɓa kuma ta jiha da ƙaramar hukuma, babu ƙa'idar da ta tilasta bayanin ya dawo wa malamin asibitin ƙauye. Katin asibiti daban, rajistar cibiya daban. Wanda zai ci gaba da ganin maras lafiya kullum shi ne wanda bai san abin da likita ya rubuta ba.

6.3 Kuɗin da ke bin magani ya bar jinya

Dokar 2014 ta kafa Asusun Kiwon Lafiya na Matakin Farko da aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, ta kasafta rabi ga inshora, kashi 45 ga magunguna da kayan aiki da ma'aikatan cibiyoyi, kashi 5 ga agajin gaggawa. Dokar 2022 ta wajabta inshora, ta kuma tanadi asusun masu rauni wanda tsofaffi ke cikin masu cin gajiyarsa. Duk da haka fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fita. Babbar matsalar ma ita ce inshora tana biyan ganin likita da gwaji da magani, alhali magungunan cutar mantuwa irin su donepezil da memantine ba sa warkarwa, sassauci kawai suke kawowa na wani lokaci. Abin da ke cinye gida shi ne sabulu, ƙunzugun manya, katifar da ba ta haifar da gyambon kwanciya, abinci mai laushi, da sana'ar da mai jinya ta ajiye. Waɗannan ba sa cikin lissafin lafiya. A ɗaya ɓangaren, tallafin masu nakasa, irin alawus na wata-wata da jihar ta soma biya a zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, a al'adance ya fi kallon nakasar da ido ke gani. Mai cutar mantuwa yana tafiya da ƙafafunsa, don haka yakan faɗa tsakanin asusun biyu.

6.4 Matakin farko da aka gina domin wasu buƙatu

An tsara cibiyoyin mazaɓu ne a kan rigakafi, awon ciki, haihuwa, zazzaɓin cizon sauro da tamowa, kuma da hujja, ganin yawan mace-macen mata da yara a Arewa maso Yamma. Rahoton wata-wata da ma'aikaci ke cikawa waɗannan yake tambaya, abin da ba a tambaya kuwa ba a ƙirga shi. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, wanda Nijeriya ta daidaita jagoransa da yanayinta, yana da babi a kan cutar mantuwa domin ma'aikatan da ba ƙwararru ba, amma horo ba tare da kulawar ƙwararre a kai a kai ba yakan dushe. Kayan gwajin ma suna da tasu matsalar: gwajin da ke neman mutum ya rubuta jimla da boko ko ya faɗi kwanan watan Bature zai nuna ruɗewa ga dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake lissafi da watan Musulunci. Gwaje-gwajen da aka tsara domin marasa karatun boko, irin CSI-D da aka yi amfani da shi a Ibadan da IDEA da aka samar a Tanzaniya, su suka fi dacewa da yankin.

6.5 Mai jinyar da babu ita a rajistar kowa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mata ne ke bayar da kusan kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in jinyar masu wannan cuta. A gidan Bahaushe ko Bafulatanin wannan yanki, mai jinyar ita ce mata, ko 'ya, ko matar ɗa, ko jika da aka dakatar da karatunta. Ita ta san lokacin da tsohon ya daina barci, ita ke hana shi fita, amma wanda ke riƙe da kuɗi da izinin fita asibiti namiji ne, wanda da rani yana iya kasancewa a Legas ko Fatakwal. Ke nan sani yana hannun wata, hukunci yana hannun wani. Gajiya da rashin sanin yadda za a yi su ne ke kai wasu gidaje ga kulle tsoho a ɗaki, ko ɗaure shi, ko sayo maganin barci a kemis, alhali magungunan kwantar da hankali irin haloperidol suna ƙara haɗarin faɗuwa, da shanyewar ɓarin jiki, da mutuwa ga masu wannan cuta. Tsarin lafiya yana ganin matar a matsayin 'yar rakiya, tsarin jin daɗin jama'a kuwa bai san da ita ba.

6.6 Dukiya da walicci

Fiƙihun Malikiyya ya yi tanadi a kan wanda hankalinsa ya gushe: an sauke masa nauyin ibada, ana hana shi tasarrufi da dukiya domin kare shi, ana naɗa masa waliyyi. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ita ma ta zo da kariyar haƙƙin maras lafiya. Sai dai alƙali yana buƙatar shaidar likita kafin ya tabbatar da gushewar hankali, banki da ofishin fansho kuma suna buƙatar mutum ya bayyana da kansa ko a kawo takardar kotu. Inda ba a gano ciwon a asibiti ba, gona kan salwanta da sa hannun wanda bai san abin da ya sa wa hannu ba.

In aka auna waɗannan da ma'aunin Leutz, tsarin da ke akwai bai cika ko hawa na farko ba, alhali lalurar tana neman aƙalla hawa na biyu.

7.0 Darasi Daga Wasu Wurare

Wannan tsagewa ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Ingila ta raba lafiya da jin daɗin jama'a tun 1948, lafiya kyauta a hannun gwamnatin tsakiya, jinya kuma a hannun ƙananan hukumomi bisa auna dukiyar mutum. Sai a 2022 ta kafa hukumomin haɗin gwiwa 42 da doka domin ɗinke ɓarakar. Jafan ta kafa inshorar jinya ta dogon lokaci a 2000, ta sanya wa kowane mai cin gajiya jami'in da ke tsara masa kulawa. Dangane da cutar mantuwa kuwa, shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 zuwa 2025 ya nemi kashi 75 cikin ɗari na ƙasashe su samar da tsarin ƙasa a kan cutar, amma rahoton 2021 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne suka yi, abin da ya sa aka tsawaita wa'adin zuwa 2031.

Darasin da ya fi kusa na gida ne. A 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya soma tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda masu taɓin hankali ke zaune da danginsu a ƙauyuka suna karɓar magani, tare da haɗa kai da masu maganin gargajiya. A 2020 Gureje da abokan aikinsa sun wallafa gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna cewa haɗa ma'aikatan matakin farko da masu maganin gargajiya da na addini ya inganta lafiyar masu taɓin hankali. A Sakkwato kanta, tsarin 'Yantaru na Nana Asma'u ya nuna tun ƙarni na 19 cewa ana iya isar da ilimi ga matan karkara ta hannun malamai mata da ake kira jaji.

8.0 Shawarwari

Na farko, a ɗauki cibiyar lafiya ta mazaɓa a matsayin wurin haɗuwa, a naɗa jami'in lafiyar al'umma guda da sunansa wanda zai riƙe rajistar dattawa masu alamun ciwon, ya riƙa ziyartar gidajensu. Na biyu, a samar da kati guda, da Hausar boko da ajami, wanda zai zauna a hannun iyali, asibiti ya rubuta a ciki, Hukumar Zakka da SOCHEMA da kotu su karɓe shi a matsayin shaida. Na uku, ƙwararrun Kware da na Asibitin Koyarwa su riƙa zuwa manyan asibitocin Boɗinga da Shagari a ranakun da aka sani, tsakanin ziyara kuma su riƙa ba ma'aikatan mazaɓu shawara ta waya. Na huɗu, a shigar da awon hawan jini da suga da ji da gani na dattawa cikin aikin yau da kullum, domin nan ne rigakafin yake. Na biyar, kwamitocin raya mazaɓu su ware zama a kan dattawa, wanda zai haɗa jami'in jin daɗin jama'a, wakilin zakka, liman da hakimi. Na shida, a horar da mata masu jinya ta hannun matan shirin CHIPS masu wayar da kan al'umma a kan lafiya, makarantun Islamiyya na matan aure da ƙungiyoyin mata Musulmi irin FOMWAN, a kuma koya wa malaman ruƙiyya da masu kemis alamun da ke wajabta turawa asibiti. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya ba shugabanninsu damar ware wa wannan aiki kaso a kasafinsu.

9.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa Boɗinga da Shagari ba hukumomi suka rasa ba. Akwai asibitoci a hawa uku, akwai inshora, akwai zakka, akwai sarauta da shari'a, akwai kuma al'ummar da addininta ya wajabta mata kyautata wa iyaye a lokacin tsufa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai haɗa su, kuma a halin yanzu matar gida ce ke wannan aiki da ƙarfinta kaɗai. Cikakkiyar haɗewa, ko inshorar jinya irin ta Jafan, tana buƙatar kuɗin da jihar ba ta da shi, amma jami'i guda, kati guda da zama guda a mazaɓa abubuwa ne da za a iya somawa da ma'aikatan da ke ƙasa. Ana ba da shawarar gwada tsarin a mazaɓa biyu, ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, na tsawon shekara biyu, a auna yawan waɗanda aka gano, yawan bayanan da suka dawo daga manyan asibitoci, da sauƙin da masu jinya suka samu, kafin a faɗaɗa shi zuwa sauran ƙananan hukumomi 21 na jihar.